Ranar da Muka Je Ɗauko Mkhulu a Lambu

Ku bar ganin ina cika ku da surutu a nan. Akwai ranar da na kulle bakina ban ce wa mai rai uffan ba, kuma ita ce ranar da na fi buƙatar bakin. Masu turo min saƙo kuna tambayar ina aka kwana a maganar wasiƙar Vukani, ku gyara zama.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Zibuyile Mchunu, a gida Buyi. Shekarata ashirin da uku, ina aiki a wani kantin magani a Howick. Wata uku ke nan cur da dangin saurayina, Vukani Zondi, suka aiko da wasiƙar neman a sa musu ranar zuwa maganar shanun aurena. Gogo, kakata ta wajen uba wadda ta raine ni, ta karɓa da hannu biyu, ta sa aka karanta mata, ta ninke ta tura ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki a kan kabad. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga ta ba sai in za ta goge ƙura.

"Ba zan karɓi baƙi maigidan nan yana waje ba," abin da take faɗa ke nan duk lokacin da na taɓo zancen.

Maigidan shi ne Mkhulu, kakana, yau shekara goma sha huɗu da rasuwarsa. Gawarsa dai mun binne, amma a al'adarmu kurwarsa tana can inda ya faɗi, tunda ba a je da reshen magaryar kura an kira shi an kawo shi gida ba. A babban lambun nan na kan tudu ya faɗi, bayan ya yi musu aikin shekara arba'in da ɗaya. Lambun yana da sunan Turanci a allo, mu dai KwaMesisi muke ce masa, gidan Uwargida. Kwana biyu kacal suke buɗe shi ga jama'a a shekara, cikin Oktoba. Da can tsohuwar mai wurin ta hana mu shiga, bayan ta mutu Gogo ta yi ta fama da ƙafa. Bara aka je, ƙanin babana, Baba Dumisani, ya riƙe reshen. Dokar sananniya ce: wanda ya riƙe ba ya waiwaye, ba ya magana da kowa sai mamacin, har a shiga gida. Sun kusa ƙofa wayarsa ta yi ƙara, bawan Allah ya zaro ta ya ce, "Halo, wa ke magana?" Haka shekara guda ta tafi a banza.

Kuma don Allah ku dubi sa'ata. Duk mazan da ke lardin nan, sai na je na so wanda ke kula da itatuwan wannan lambun.

Ranar Asabar ɗin tun da asuba gidanmu ya tashi. An ɗaure akuya a bayan ɗakin kakanni, giyar dawa ta kwana uku tana kumfa a tukunya, ƙamshin burodin da ake turarawa ya cika kicin. Gogo ta fito da baƙin siket ɗinta na coci, da hular ulu, da bargon kafaɗa mai ratsin shuɗi wanda ta kama da babban fil. Ni kuma ta kore ni ɗaki har sau biyu. Wando, a'a. Siket ɗin da ya tsaya a gwiwa, a'a. A ƙarshe na fito cikin doguwar rigar atamfarmu ta shweshwe ruwan ƙasa, na ɗaura ɗankwali har ya rufe kunne, na yafa mayafi, ba jan baki ba ɗan kunne. Da na dubi madubi sai na ga wata ƙanwar Gogo.

"Yanzu kika yi kama da 'yar mutane," in ji ta. "Bana ke za ki riƙe."

"Ni, Gogo? Ai mace ce ni."

"Namijin mun gwada shi. Ke ce kika kai masa abinci ranar, ke kika ga wurin da idonki, kuma muryarki zai fi saurin bi. Miƙo wayar nan."

Kafin in miƙa na saci kallo. Saƙon Vukani ne tun ƙarfe biyar da rabi.

"Buyi, kwana biyu kina amsa min da kalma ɗaiɗai. Kawunnaina sun zauna jiya. Sun ce in wata ya ƙare ba amsa za su aiko a karɓo wasiƙarsu, wai an mai da su abin dariya. Na roƙe su. Yau ina cikin baƙi har yamma, ki kira ni ko minti ɗaya ne."

Na rubuta "Yau za mu zo", na goge. Gogo ta ja min kunne tun farkon mako kada in kuskura in gaya masa, wai ba za ta nemi izinin ɗan aikin lambu ba kafin ta ɗauko mijinta. Na tura masa "To" kawai, na miƙa mata wayar, ta jefa cikin jakarta tare da lemo da ƙaramar wuƙarta ta ɓare lemo. Zuciyata ba daɗi, amma na riga na ƙudurta: yau ko sama da ƙasa za su haɗe, Mkhulu a gida zai kwana.

Tafiyar awa guda ce a tsohuwar motar Baba Dumisani. Mun tarar da filin ajiye motoci ya cika da manyan motoci da tsofaffin mata masu faffaɗan huluna. Gogo ta fito, ta gyara bargo, ta miƙa hannu.

"Dumisani, reshen."

Ya buɗe but. Ya rufe. Ya leƙa ƙarƙashin kujera. Sannan ya tsaya yana kallon rufin motar, bakinsa a buɗe.

"Mama, na naɗe shi a jarida, na ɗora a nan sama, sai wani ya kira ni..."

"Sai wani ya kira ka."

"Minti ɗaya ne fa, Mama."

Gogo ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta koma ta zauna a bakin kujera, ƙafafunta a waje, tana kallon ƙasa. A nan na ga yadda ta tsufa. Baba Dumisani ya fara lissafin in an koma gida an nemo wani reshen an dawo ƙofa ta rufe, gobe kuma Lahadi yana da hidima a coci, to ko dai a bari sai baɗi?

"Babu wani baɗi, Baba," na ce. Ni kaina na ji muryata ta canza. "Na san inda akwai magaryar kura a ciki. Gogo, ara min wuƙarki."

Ta ɗago ta dube ni. Ta buɗe jaka.

A ƙofa aka sa mu taka wata jiƙaƙƙiyar tabarma mai warin magani. Ga wani ƙaton allo da hoton ɗan mitsitsin ƙwaro, an rubuta da harshe uku cewa ba a shiga da itace ko ganye, ba a fita da shi, wanda aka kama za a ƙwace a ƙone. Na san labarin ƙwaron nan kamar karatu, Vukani ya sha cika min kunne da shi. Yana huda itace ya kashe bishiyar da ta shekara ɗari, kuma a jikin reshe yake bin mutane gari zuwa gari. Na karanta allon tsaf, na kau da kai na wuce.

Ba zan yi muku ƙarya ba, wurin yana da kyau, kyan da har haushi yake ba ni. Ciyawa shimfiɗe kamar an yi mata guga. Furanni ja da fari da ruwan hoda sun lulluɓe gangaren tudu har bakin tafki, ga gada ta katako, ga agwagi suna yawo abinsu. Can gefe guda alobera ce iri-iri, wata ta fi ni tsawo, can kuma wasu tsofaffin itatuwa gajeru masu kama da dabino an kewaye su da igiya. Kowace shuka da ɗan allonta na ƙarfe, da suna da lamba da ƙasar da aka ɗauko ta. Gogo tana tafe tana dogara sanda, ba furen da ta kalla.

"Kin ga tafkin can?" ta ce. "A tsakiyarsa ɗakina yake a da, kafin su tara ruwan. A nan na haifi babanki Sipho."

Wasu mata biyu suka wuce mu suna cewa kai, wannan wuri aljanna ce. Gogo ta yi tsaki.

Na bi da su ta bayan gidan gilashin rainon shuke-shuke zuwa rafi, ƙafata na tuna hanya tun kafin kaina ya tuna. Magaryar tana nan. Ina 'yar shekara shida Mkhulu ya dasa ta, ni na riƙe masa bokiti, lokacin ba ta kai gwiwata ba. Yanzu ta yi inuwa, ganyenta na sheƙi, an kafa mata allo da dogon suna da lamba 2217. Na duba hagu da dama. Na kama reshe ɗaya mai kaurin yatsa, na sa wuƙa. Ƙayarta biyu-biyu ce, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, lanƙwasasshiyar ta kama min mayafi, miƙaƙƙiyar ta shige babban yatsana. Ban saki ba sai da ya rabu.

"Buyi, wata Baturiya tana kallonmu," Baba Dumisani ya raɗa.

"Ta kalla," in ji Gogo. "Shi ya dasa abinsa."

A raina kuwa wani abu ya tsaya min. Bishiyar nan tana cikin littafin Vukani. Duk safiya yana zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ya san kowane reshe. Yau na sa hannu na yi sata a gonar mutumin da nake so in aura, kuma da an ce in sake, zan sake.

Wurin da Mkhulu ya faɗi yana can sama, inda a da ake tara takin ganye. Ranar na zo masa da tuwon masara da wake a kwano, na tarar da shi kwance a gefen baro, hularsa ta gangara. Yanzu an mai da wurin fagen waɗancan gajerun itatuwan, an zuba farin tsakuwa, an ja igiya, an rubuta kada a taka. Dutsen da yake zama ya ci abinci ne kawai bai motsa ba.

Na ɗaga riga na tsallake igiyar. Gogo ta ba Baba Dumisani sandarta, ta tsallako ita ma, ta durƙusa a kan tsakuwa da gwiwoyin nan nata masu ciwo. Ta kunna ɗan turaren ganye a murfin gwangwani, ta fara kiransa da sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan muryarta ta sauka, ta koma irin wadda take masa magana da ita a kicin.

"Baban Sipho, ni ce. Na makara, ka yi haƙuri. Aikin ya ƙare, ka ajiye cebur. Ga jikarka ta zo, tashi ka bi ta mu tafi gida."

Na shafa reshen a ƙasa sau uku, na ɗago shi da hannu biyu na riƙe a ƙirji. Hawaye na zuba ba hannun sharewa. Daga wannan lokacin ba ni da kowa a duniya sai shi.

"Mkhulu, ni ce Buyi," na ce a hankali. "Za mu tsallake igiya. Ka ɗaga ƙafa."

Ina tsallakewa na ji muryar da na fi sani tana tahowa daga kwana.

"Wannan da kuke gani ta girmi kakannin kakanninmu, a shekara ganye ɗaya ko biyu take..."

Ya tsaya cak. Vukani ne, cikin koriyar rigar aiki, almakashin reshe a ƙugu, baƙi kusan ashirin a bayansa da kyamarori.

"Buyi? Me kike... Sannu, Gogo. Buyi, me ya sa ba ki gaya min ba?"

Na kafe idona a kan hanya. Jama'a, ban taɓa sanin kalma tana da nauyi a baki ba sai ranar. Ya matso taku biyu, sai ya ga hannuna. Ta gefen ido na ga ya cire hularsa. Na kuma ga idonsa ya sauka a gindin reshen, inda sabon yanka yake fari fat yana ɗigar ruwa. Ya gane. Ba abin da bai gane ba.

Wani baƙo ya ɗaga kyamara. Vukani ya sa tafin hannu a gabanta.

"Ban da hoto, don Allah. Ku matsa gefe, ku ba su hanya."

Muka wuce ta tsakiyarsu. "Mkhulu, za mu gangara. Ga tafki a hannun dama. Ga gada, katako ne, ka bi a hankali." Haka na yi ta gaya masa, mutane na kallona kamar mai taɓin hankali. Wata yarinya ta tambaye ni ina ban ɗaki yake, na wuce ta. Wani tsoho ya ce min sannu, na wuce shi, ni da Gogo ta yi wa tarbiyyar gaida ko karen maƙwabta. A bayana ina jin sandarta tana bugun ƙasa, da numfashin Baba Dumisani.

Na hango ƙofa, na ce a raina an gama. Ashe ba a fara ba.

An ja ƙaramar ƙofar fita an rufe. Mai gadi, wani dattijo, yana ganin abin da ke hannuna ya cire hula ya sunkuyar da kai, amma bai buɗe ba. A gefensa wata mata ce tsaye da rediyon hannu da tabarau a goshi, a ƙirjinta an rubuta Misis Govender, manaja.

"Yi haƙuri, 'yan mata," ta ce da Turanci. "An kawo min rahoton an yanki reshe a bakin rafi. A ina kika samo wannan?"

Na tsaya. Na dubi ƙarfen ƙofar.

"Da ke nake magana. Ba na son rigima, ki gaya min kawai."

Baba Dumisani ya shigo da Turancinsa na coci. "Madam, wato, al'ada ce, mahaifinmu ne a ciki."

"A cikin me?"

"A cikin reshen, Madam."

Ta sauke numfashi. Ba muguwa ba ce, na ga haka a fuskarta. "Na san al'adar, ina kuma girmama ta. Da kun rubuto tun da wuri da an shirya. Amma an ga ƙwaron nan a gonar da ke maƙwabtaka da mu, hukuma ta sa mana ido. Ko tsinke ba ya fita sai da sa hannun mai wurin ta yanzu, ita kuma tana can birnin Kef sai Litinin. Ku bar shi a ofis, ba zan ƙone ba, na yi alkawari. Litinin ku dawo."

Da aka fassara wa Gogo, sai ta yi wata 'yar dariya.

"Ka ce mata shekara arba'in da ɗaya yana kwana inda suka ce. Yau kuma a ofis za ta ajiye min shi, kusa da injin shayi?"

"Mama, a yi a hankali..."

"Rufe min baki, mai waya."

Layi ya fara taruwa a bayanmu. Misis Govender ta matso dab da ni, ta sassauta murya. "Ke ce mai ilimi a cikinsu, na gani. Ki ce min e ko a'a kawai. Daga lambun nan yake?" Ta miƙo hannu za ta taɓa ganyen.

Na ja shi jikina, ƙaya ta shige ƙirjina ta cikin riga. Amsoshi goma ne a bakina, da Turanci mai kyau, wanda zai sa ta ji kunya. Na san dokarsu, na san hakkina, na iya faɗa, ku ma shaida ne. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Kalma ɗaya, Mkhulu ya koma kan tsakuwa, Gogo ta koma jiran baɗin da ba lallai ta gani ba, wasiƙa ta koma gidan su Vukani.

"Kada ki taɓa, Madam."

Ban waiwaya ba, ba dama. Ya zagayo ta gabana yana haki, da alama a guje ya zo.

"Yawwa, Vukani," in ji ta. "Duba min. Namu ne?"

Na roƙe shi a zuci ya yi ƙarya. Ya ce daga gida suka zo da shi, wa zai musa masa? Shi ne masanin. Ya zaro ɗan gilashinsa na duba ƙwaro, ya sa hannu ɗaya a baya don kada ya taɓa, ya sunkuyo. Ya bi reshen daga gindi har kai, ganye bayan ganye. Kansa na dab da haɓata, ina jin ƙamshin sabulunsa da na ƙasa. Bai ɗago ya dube ni ba ko sau ɗaya.

"Namu ne," ya ce. "Lamba 2217."

Gogo ta ce, "Kin ji ko? Kin ji ɗan aikinsu?"

"Ba huda ko ɗaya, lafiyarsa ƙalau," ya ci gaba. "Jiya ma na duba uwar bishiyar. Madam, a littafi an rubuta shekarar da aka dasa ta, a wurin sunan wanda ya dasa an sa 'ma'aikaci'. Itatuwa ɗari uku da wani abu ne a littafin nan da 'ma'aikaci'. Yau na san sunansa. Mchunu ne, ga shi nan zai tafi gida."

"Vukani, ban musa ba. Amma ba ni da ikon sa hannu, kai ma ba ka da shi."

"Na sani."

"In hukuma ta ji, rufe mu za su yi. Mutum talatin ke ci a nan."

"Ki rubuta ni na duba, ni na fitar. Sunana kaɗai."

Ya juya ga mai gadi. "Baba, ba ni makullin, kada abin ya shafe ka." Dattijon ya miƙa masa ba musu. Misis Govender ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "In ka buɗe ƙofar nan, Litinin ƙarfe takwas ka same mu a ofis, kuma ban san abin da zan iya yi maka ba."

Shekara shida ya yi yana karatu da aikin wucin gadi kafin ya sami wurin nan. Na san yadda yake son itatuwan nan, har kishi nake da su. Na so in ce masa bari, na so in ce masa buɗe, ba wanda na isa in faɗa.

Ya buɗe. Ba ƙaramar ba, babbar ƙofar motoci ya tura har bango, ya tsaya a gefe, hula a hannu, kai a ƙasa.

Na haɗiye kuka, na gyara murya yadda kowa zai ji.

"Mkhulu, mun zo ƙofa, za mu fita. Wanda ya buɗe maka sunansa Vukani, ɗan gidan Zondi. Ka dube shi da kyau, ni ba ni da damar dubansa. Shi ne wanda nake gaya maka a kabari. Shi nake so, ba kuma zan so wani ba."

Baba Dumisani ya ce, "Kai! An yarda da wannan?"

"Da kakanta take magana," in ji Gogo. "Ina ruwanka?"

Muka fita. A wurin mota Baba Dumisani ya buɗe min baya, na ce wa Mkhulu ya shiga, na shiga na bar masa gefen taga. Gogo ba ta shiga ba. Ta tsaya tana kallon wani abu a bayan motar, na san ko wane ne, don na ji takunsa ya biyo mu ya tsaya nesa kaɗan.

"Kai, ɗan Zondi. Ka iya tuƙi?"

"Na iya, Gogo."

"Dumisani, ba shi makulli. Ka biyo mu a tasi."

"Mama! Motata ce fa. To in zauna a baya mana."

"Ka matse min tsoho? Sau biyu kana zubar min da shi a hanya. Ga titi can, ka yi ta amsa wayarka."

Vukani ya shiga, ya gyara kujera, ya gyara madubi. Idonmu ya haɗu a ciki, na yi sauri na sauke nawa. Muka hau hanyar tsakuwa, na gaya wa Mkhulu mun tashi. Muka wuce shingen lambun, muka fara gangara tudu. Daɗi ya fara cika min ciki, har na fara tunanin kalar rigar da zan sa ranar da baƙi za su zo.

Gogo ta zaro lemo ta fara ɓarewa da wuƙar nan.

"Ka gaya wa kawunnanka su zo Asabar mai zuwa," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Da sassafe. Ba na son baƙi masu makara."

Saura kaɗan in yi ihu. Na danne bakina da kafaɗa.

"Na gode, Gogo. Na gode ƙwarai."

"Ban gama ba. In sun kore ka ranar Litinin, ku zo da abin da kuke da shi, ko saniya ɗaya ce zan karɓa. In kuma ba su kore ka ba, kai za ka kori kanka. Na ba lambun can miji, ya dawo min da reshe. Ba zan ba shi mijin jikata ba."

Motar ta ɗan karkata, ya daidaita ta. Na jira ya ce wani abu. Bai ce to ba, bai ce a'a ba, ya dai ƙura wa titi ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Ni kuma da nake da magana cike da baki, ga ta a gabana, ga shi a gabana, ba wanda zan iya ce wa komai.

Na ƙara riƙe reshen, na juya ga kujerar da ke gefena.

"Mkhulu, za mu hau kwalta, saura tafiyar awa guda. Ka ji abin da matarka ta ce. Ka huta tukuna, ka sha giyarka, ka ci namanka. Amma ka sani, ina ajiye ka a ɗaki zan fito, kuma yau ni da ita ne a gidan nan."

Gogo ta jefa ɓawon lemo ta taga.

"Ka gaya mata ina jiranta," ta ce wa Mkhulu.